Layin da Ke Yanke Shiru

Zuwa ga taubashiyata Malama, uwar gardama,

Ina sanar da ke, ke kuma ki sanar da sauran dangi na kusa da na nesa, cewa an sake kai wa fankar ofishina hari, kuma fanka ta yi nasara. Mai gyara ya hau kan tebur da man inji, ya kwance, ya ɗaure, ya sauko yana share gumi ya ce an gama. Yana fita ta ce ƙiii, ƙiii, yadda ta saba tun zuwana gidan nan. Na yanke shawarar ƙyale ta. Ni da ita muka rage cikin tsofaffin ma'aikata, kuma ta fi ni faɗin abin da ke ranta.

Bayan haka, ina gaisuwa. Yaya jikin Gwaggo? Hannun daman ya fara motsi kuwa? Yaya maigidan da yara, da bayin Allahn da kike gana wa azaba da lissafi a aji? Ni lafiya lau, in ban da gwiwa da ta soma ba ni shawara a kan matakala.

Ga babban labari. Mun yi wa tsohon layin da ya haɗa ofishin wayarmu da na garinku ritaya. Kin sha jin ina yabonsa, to yau zan ci amanarsa. Wayar tagulla ce mai ɗaukar murya talatin a lokaci guda, kamar mota mai kujera talatin. Duk wanda ya kira, an ba shi kujerarsa ke nan har ya ajiye waya, ko magana yake yi ko hamma. Gudunsa megabit biyu a daƙiƙa, kuma a zamaninsa har baƙi ake kawowa su kalle shi. Wanda ya gaje shi zaren gilashi ne, sirantarsa kamar gashin kai, haske ke gudu a ciki, gigabit goma a daƙiƙa. Ninki dubu biyar ke nan. Ki duba da jan bironki, na san ba za ki yarda ba sai kin duba. A sabon babu kujerar kowa. Ana ƙulla maganar mutum ƙulli-ƙulli a aika, babu wanda zai tare wuri yana zaman banza.

Shekaru na yi ina rubuta wa manya takarda a kan wannan aiki, kuma da hannuna na kashe tsohon na kunna sabon. Ki gaya wa Gwaggo yaron da ta goya, wanda ta ce ba zai taɓa iya ɗaure igiyar takalmi ba, shi ya ɗaure gari biyu da zare ɗaya.

Abu guda kawai. Kin san tun da ɓarin jikinta ya shanye, hirarmu ta Asabar ta zama ni in yi zuba, sannan in jira ta jawo kalma ɗaya ko biyu. To kwanan nan barci take yi mini. In gaishe ta, in jira, ba na jin komai sai wani shuu a hankali, sai in yi sallama in ajiye don kada in tashe ta. Ko likita ya canja magani ne? Ki tambaye shi.

Na ba direban motar safe wannan, da man zafin da kika ce. Kada ki yi mini dariyar mai aikin waya da ke aika wasiƙa. A takarda ne kaɗai nake gama magana ba ki katse ni ba.

Naki,
Dogo


Dogo,

Mun ga saƙo, an gode da man zafi. Maigidan da yara suna gaishe ka. Na duba lissafinka, dubu biyar ne, ka ci makinka. Allah ya sanya alheri a aikin.

Jikin Inna da sauƙi ta wani wajen. Tana cin abinci in an dama da ruwa-ruwa, tana zama in an jingina ta da matashi. Hannun bai motsa ba. Muryar ce ke ƙara yin ƙasa, sai na sunkuya nake ji.

Likita bai canja magani ba. Kuma Inna ba ta barci ranar Asabar. Tun da safe take sa in wanke mata fuska in ɗaura mata ɗankwali mai kyau, kamar ganinta za ka yi ta cikin wayar.

Da baki ya kamata in faɗa maka wannan, amma wayar tebur ɗin a gefen kanta ka sa aka kafa ta, kunnenta kuwa garau yake. Wayar hannu kuma ka san sai na hau tudun bayan makaranta, ba zan tsaya can ina ɗaga murya 'yan ajina suna kallo ba.

Dogo, in aiki ya yi maka yawa yanzu da ka zama babban mutum, ba sai ka kira ba. Rashin kiran zai fi mata sauƙi a kan irin wannan kiran. Ni nake zama da ita bayan ka ajiye.

Taubashiyarka


Malama,

Ina gaisuwa. Allah ya ƙara wa Gwaggo sauƙi. Gwiwata na nan da ra'ayinta.

Na karanta wasiƙarki a tsaye, na sake karantawa a zaune, ba ta canja ba. Na sha karanta littattafan da ake korar mutum daga gida, amma ban taɓa cin karo da wanda aka kore shi da ladabi irin haka ba. Har da maki.

Tunda kin ce ba barci take yi ba, sai na ce bari in fara zargin kaina kafin in zargi wani. Na ɗauki na'urar gwaji na jona a layinku, na bar ta tana aika saƙo tana karɓa wuni guda cur. Ko ƙwaya ɗaya ba ta ɓata ba. Tsohon layin, wanda kowa ke kewarsa yanzu, in aka yi ruwan sama har tari yake yi. Ke kanki in kika ɗauka, muryarki tana zuwa tangaram kamar kina tsaye a kaina da alli. Saboda haka layin ba shi da laifi. Wannan ba ra'ayi ba ne, awo ne.

To ke malamar lissafi ce. Idan mai magana ba ta barci, layi kuma lafiyarsa lau, amma murya ba ta iso ba, me ya rage? Ya rage hannun da ke riƙe mata wayar. Ban ce da gangan ba. Mutum na iya gajiya hannunsa ya sauka. Mutum kuma na iya gajiya ta wata fuskar.

Bari in faɗi abin da kike ta zagayawa. Ke ce ke ɗaga ta, ke ce ke kwantar da ita, ke ke wanki, ni kuwa ina nesa ina aiko man zafi da dogon Turanci. Gaskiya ne, kuma ban taɓa cewa mun yi daidai ba. Amma ba ki da ikon rufe mini ƙofa saboda haka. Ke ta haifa, ni ta goya. Ranar da aka kawo ni gidanku ba uwa ba uba, ke kika ce a mai da ni inda aka samo ni. Na ɗauka wasan yara ne.

Kin ce kada in kira. Na ji. Ba zan sake kira ba sai kin rubuto da hannunki cewa an buɗe ƙofa.

Dogo


Malama,

Ina gaisuwa. Yaya jikin Gwaggo?

Asabar nawa ke nan, ba wasiƙa ba saƙon baki. Na tare direba a tasha, ya ce ya ba mai shagon bakin titinku takardar kamar kullum, bai san komai ba. Na san kin iya fushi, tun muna yara kike riƙe shi kamar ajiya, amma wannan ya yi tsawo.

Na cika alkawari ban kira ba. Ranar Asabar nakan zauna in kalli wayar, ita ma ta kalle ni, fanka tana yi mana kiɗa.

Ki rubuto ko layi ɗaya ne a kan jikinta. Sauran maganar tana iya jira.

Dogo


Dogo,

Wasiƙunka biyu jiya na karɓe su tare a wajen mai shago. Ba fushi ya hana ni ba. Muna asibiti ne a lokacin. Ciwon ya sake bugun Inna kwana kaɗan bayan na aika maka tawa. Ban aiko a gaya maka ba, wannan kam da fushi a ciki, ba zan ɓoye ba. Yanzu mun dawo gida. Tana gane mutane, tana bin mai shigowa da ido. Maganar ce ta tafi gaba ɗaya. Likita bai ce za ta dawo ba.

Ka ce hannuna ne. To bari in gaya maka abin da hannun nan ya gani, tunda kai na'urarka ba ta da ido.

Asabar ɗin ƙarshe da ka kira, ni na ɗauka, muka gaisa, na kara mata a kunne. Bakin wayar yana dab da leɓenta, har yana taɓawa. Ina jin muryarka tana fitowa, kana ba ta labarin zaren gilashi. Ka gama ka yi shiru. Ta tattara ƙarfinta, ka san yadda take yi, goshi ya haɗa gumi. Ta ce, “Dogo.” Ba ka amsa ba. Ta huta, ta sake cewa, “Dogo.” Sannan ta jawo sauran ɗaya bayan ɗaya, kamar mai jan guga: “Ka... ci... abinci?”

Tana rufe baki ka ce, “To Gwaggo, tunda barci ya ɗauke ki, sai wani makon.” Ƙit.

Ba ranar ce ta farko ba, ranar ce dai na kasa haɗiyewa. Abin da na gani shi ne tsohuwa tana magana, kai kuma ka gaji da jiran ta gama, ka ƙirƙiro mata barci. Me kake so in ɗauka? Ta juya fuska bango. Da rana na kawo abinci ta ƙi buɗe baki.

Akwai abin da ban gaya maka ba don ban ga amfaninsa ba a lokacin. Kafin maganar ta ɗauke, ta tambaye ni ko an canja maka ofis. Na ce ban sani ba. Ta ce ba ta jin fankar. Ashe duk shekarun nan, in ka yi shiru kana jiranta, wannan ƙiii ɗin take saurare, da shi take sanin kana nan ba ka tafi ba. Ta ce har buɗe shafin littafi tana ji, ta san kana karatu kana jiranta, kuma ba ta damu ba, tun kana yaro haka kake cin abinci da littafi a cinya. Ta ce yanzu in ka yi shiru kamar an rufe ƙofa ne, ba kowa a ɗakin. Ta ɗauka ajiye wayar kake yi a tebur ka fita sabgarka.

Na ce mata ai ka rubuto cewa fankar ta fi ƙarfin mai gyara. Ta dube ni irin kallon da take yi wa mai rufa wa wani asiri.

Maganar a mai da kai inda aka samo ka, shekarata shida lokacin, kuma ka cinye mini rabona ne. In har yau kana riƙe da ita, to kada ka ƙara cewa ni ce mai ajiyar fushi.

Yanzu in waya ta yi ƙara, ko ba kai ba ne, ido take rufewa.

Taubashiyarka


Malama,

Allah ya ba Gwaggo lafiya, ya saka miki da alheri. Ban san da asibitin ba. 

Fankar tana bisa kaina yanzu haka, tana ƙiii. Ba ta yi shiru ba ko na wuni ɗaya. Da na kai wannan wurin a takardarki sai na ɗaga kai na dube ta, na tashi na gangara ɗakin injuna.

Ga abin da ke faruwa. Na gaya miki a sabon layi babu mai tare kujera yana zaman banza. Abin da ban gaya miki ba shi ne wanda ke yanke hukuncin waye ke zaman banza. Akwai wani ɗan mai gadi a cikin injin, aikinsa ya saurari kowane kira. In ya ji murya sai ya buɗe hanya. In ya ji abin da bai kai murya ba a ganinsa, fanka, numfashi, shafin littafi, sai ya ce wannan shiru ne, ba sai an wahalar da layi ba, ya zubar. Don kada mai sauraro ya zaci waya ta mutu, sai injin ɓangarensa ya zuba masa wani shuu na ƙarya a kunne. Wannan shuu ɗin na riƙa ji ina cewa numfashin Gwaggo ne tana barci. Har rage murya nake yi don kada in tashe ta.

Muryarki ta aji tana wuce mai gadin nan ba tambaya. Saƙon na'urar gwajina ma haka, ai ba ya raɗa. Muryar Gwaggo ce ta yi ƙasa har ya lissafa ta cikin shiru. Tsohon layin bai da wannan wayon. Ya ba ka kujera, duk abin da ke ɗakin sai ya kwasa ya kai, sau dubu takwas a daƙiƙa yake auna sautin, bai taɓa tambayar ko abin ya cancanci a kai ba.

Daga masana'anta aka kunno shi haka. Na nemi abokin aikina na ofishin garinku ya riƙe waya, na yi masa raɗa, ya ce bai ji komai ba. Na kashe mai gadin a kan hanyarku duka, na sake kira daga ofishina, ban ce uffan ba. Can sai ya ce, “Wai har yanzu ba a gyara fankar nan ba?”

Shugaban sashenmu ya tambayi dalili. Na ce masa muna tsimin wuri a layin da ko kashi ɗaya cikin ɗari ba mu cika ba, kamar mai ɗaki dubu da ke hana baƙo ajiye takalmi. Ya sa hannu.

Ga roƙona. Na ce ba zan kira ba sai kin rubuto, na janye. Ranar Asabar da hantsi zan kira. In ta rufe ido, kada ki ce mata komai, kada ki ce ni ne. Ki dai kara mata a kunne ki riƙe. Ba zan yi zuba ba.

Dogo


Dogo,

Muna lafiya, yara suna gaishe ka. Jikin Inna yana nan yadda yake, sai dai abincin ya ragu sosai.

Kai ka ji naka ɓangaren, bari in ba ka wanda ba ka gani ba.

Da wayar ta yi ƙara ta rufe ido, ta juya fuska bango. Na zagaya na kara mata a kunnen sama. Na ɗauka za ta ture da hannun hagu, har ta ɗaga shi. Sai hannun ya tsaya a iska. Ni ma daga inda nake ina jiyo abar, ƙiii, ƙiii, siririya. Ta buɗe ido. Ba ni ta kalla ba, sama ta kalla, wajen rufin ɗaki, kamar a nan fankar take. Sannan ta ɗora hannun a kan nawa ta danna wayar a kunnenta, da ƙarfin da ban san ta rage da shi ba.

Ka daɗe ba ka ce komai ba, abin da ban taɓa zaton zan gani ba a duniya. Leɓenta ya riƙa motsi, ba sauti, iska kawai. Ban san me ya iso maka ba. Sai na ji ka ce, “Na ci, Gwaggo. Na ƙoshi.”

Gefen bakinta mai motsi ya ɗaga. Hawaye ya gangara ya shiga kunnen, na goge da bakin ɗankwali. Ba ta saki hannuna ba har kafaɗata ta ƙage. Da rana ta karɓi cokali huɗu.

Na sake karanta wasiƙarka ta ƙarshe. Na ga laifin mai gadi, na ga laifin masana'anta, har na'urar gwaji ta samu rabonta. Na duba gaba da baya ban ga inda hannuna ya fita daga zargi ba. Ba komai, na saba da kai. Ni ma na ce ka gaji da ita, ashe ba haka ba ne, ka yafe mini wannan.

Likita ya zo jiya. Da zai fita ya tsaya a bakin ƙofa ya tambaya ko akwai na nesa da ya kamata su zo. Na ce akwai guda ɗaya, dogo, mai yawan bayani.

Taubashiyarka


Malama,

Na ɗauki hutu. Ni da wannan takarda mota ɗaya za mu shigo, amma zan ba direba ya miƙa miki kafin in sauke jaka, don na san in na tsaya a gabanki zan fara bayani.

Numfashinta na ji ranar. Na gaske, mai sarƙewa a tsakiya. Bai yi kama da wancan shuu ɗin ba ko kaɗan, kuma ya kamata a ce na gane tun farko, ni da na yi shekaru ina barci a bayanta.

Mai gadin nan na san da shi. Yana cikin takardar da na rubuta wa manya, har na yabe shi da tsimi. Hannunki bai sauka ba ko sau ɗaya. Ni ne na yi kuskure, ki yi haƙuri.

Ki gaya mata ina bakin ƙofa.

Dogo